Bakteriya na cin mai, amma wa ke auna abin da suka bari?

A ranar 24 ga Maris 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau kan dutse a mashigin Prince William da ke Alaska, ya zubar da ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11. Man ya bi gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 2,000. Da farko ruwan zafi aka riƙa fesa wa duwatsu da ƙarfin inji. Duwatsun sun wanku, sai dai ruwan ya dafe ƙananan halittun da man bai kai ga kashewa ba. Daga nan ne hukumar kare muhalli ta Amurka da kamfanin Exxon suka gwada wata dabara mai sauƙin gaske: suka ware 'yan filaye a bakin ruwa, suka zuba musu taki mai naitirojin da fosfaros. Cikin 'yan makonni wuraren suka yi haske a tsakiyar baƙar gaɓa, har ana hango su daga sama. Babu wata sabuwar halitta da aka kawo daga ɗakin gwaji. Bakteriyan da ke zaune a jikin tsakuwar tun fil'azal ne suka sami abin da ya yi musu ƙaranci, suka duƙufa cin man. Lissafin da aka yi daga baya ya nuna takin ya ninka saurin ruɓewar man sau uku zuwa biyar.

Wannan shi ne rabin labarin da masu tallar dabarar suke son bayarwa. Ɗaya rabin shi ne, a shekarar 2001 masu bincike na gwamnatin Amurka sun koma waɗannan gaɓoɓi, suka yi ta haƙa ramuka, suka tarar da mai kwance a ƙarƙashin tsakuwa, wani ma bai sauya sosai ba daga yadda ya zuba shekara 12 da suka wuce.

Ni ina goyon bayan a yi amfani da ƙananan halittu wajen tsaftace ƙasa da ruwan da mai ya ɓata. A wurare da yawa babu hanyar da ta fi ta, kuma nan gaba zan kare ta daga masu son a yi watsi da ita. Amma ina ganin an ɗora muhawarar a inda bai dace ba. Ana ta magana kan wace irin bakteriya ce ta fi ƙarfi, wane kamfani ne ya haɗa ruwan da ya fi cin mai. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce: bayan an ce aiki ya ƙare, wa ya auna, a wane zurfi ya ɗebi ƙasar, kuma wa ya biya shi? Dabarar da ke aiki a ɓoye, da ma'aikatan da ido ba ya gani, ta fi kowace dabara sauƙin fakewa da ita.

Cewa akwai halittun da ke rayuwa a kan mai ba sabon ilimi ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Söhngen ya nuna haka tun 1913, kuma a 1946 Claude ZoBell, masanin ƙananan halittun teku a Amurka, ya tattara abin da aka sani a lokacin. Babu abin mamaki a ciki idan aka yi tunani. Ɗanyen mai ragowar halittu ne da suka mutu miliyoyin shekaru da suka shuɗe, mafi yawansa kabon ne da haidirojin, kuma tun kafin ɗan Adam ya haƙa rijiyar mai ta farko yake tsatsowa da kansa daga tsagogin ƙarƙashin teku. Abin da ya daɗe haka a duniya ba zai rasa mai cinsa ba. Akwai dangin Pseudomonas da Rhodococcus a cikin ƙasa. A teku akwai Alcanivorax borkumensis, wadda aka samo kusa da tsibirin Borkum na Jamus aka bayyana ta a 1998, wadda kusan ba ta da wani abinci sai mai. A ruwa mai tsabta da kyar ake samunta, amma da zarar mai ya malala sai ta hayayyafa ta mamaye wurin. Irin waɗannan halittu suna saka oksijin a jikin ƙwayar man, su yi ta gutsurarta, har a ƙarshe abin da ya rage shi ne ruwa, da iskar kabon irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, da jikin bakteriyan da suka ƙaru. Wasu ma suna fitar da wani abu mai kama da sabulu da ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, don su sami inda za su kama.

To, in suna nan tun da can, me ya sa mai ke shekara da shekaru a wuri? Saboda mai abinci ne da bai cika ba. Yana da kabon har ya yi yawa, amma ba shi da naitirojin da fosfaros ɗin da halitta ke buƙata ta gina jikinta. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce, kowane kashi 100 na kabon yana son kashi 10 na naitirojin da kashi 1 na fosfaros. Wannan shi taki ke cikewa. Babbar matsalar ita ce iska. Kilo ɗaya na mai yana buƙatar oksijin kimanin kilo uku kafin ya ruɓe gaba ɗaya. Shi kuwa ruwa, ko da ya sha iska iya shansa, abin da yake iya riƙewa bai wuce miligiram 8 zuwa 10 a kowace lita ba. Duk wanda ya yi lissafin zai ga cewa lita ɗaya tak ta mai za ta shanye oksijin ɗin da ke cikin ruwa lita kusan 300,000. A kan gaɓar da igiyar ruwa ke duka dare da rana, ko a saman ƙasar da ake juyawa, iska tana sabuntuwa. A cikin laka, ko a zurfin mita uku, tana ƙarewa cikin ɗan lokaci, daga nan aikin ya koma hannun wasu halittu da ke numfashi da ƙarfe ko sinadarin salfet, waɗanda tafiyarsu tafiyar hawainiya ce.

Kuma suna da zaɓen abinci. Ɗanyen mai cakuɗa ce ta dubban sinadarai. Masu sauƙi, masu miƙaƙƙiyar sarƙa, su ake fara cinyewa cikin kwanaki ko makonni. Masu siffar zobe sun fi tauri, kuma yawan zobban da ke manne da juna yawan taurin. Daga cikin masu zobe biyar akwai waɗanda aka tabbatar suna jawo sankara, su ne kuma ke daɗewa. Ɓangaren da ya fi nauyi, mai kama da kwalta, kusan ba ya taɓuwa. Ma'ana, adadin man da ke cikin ƙasa yana iya sauka da kashi 80 cikin 100, amma kashi 20 ɗin da ya saura ya ƙunshi mafi yawan abin da ake tsoro.

Idan aka fahimci wannan, za a ga cewa aikin kansa noma ne: a baza gurɓatacciyar ƙasa, a yi mata huɗa don iska ta shiga, a sa taki daidai misali, a yi ban ruwa kada ta bushe kada kuma ta jiƙe sharkaf, a kula da zafi da tsamin ƙasar, a jira. Garmar tarakta ba ta wuce santimita 30 ko abin da ya yi kusa da haka, don haka ƙasar da ta fi wannan zurfi sai an tono ta an tara tsibi-tsibi a kan shimfiɗar roba, an ratsa bututu ana hura mata iska. Inda ba za a iya tonowa ba, kamar ƙarƙashin gidaje, sai a haƙa ƙananan rijiyoyi a tura iska ƙasa. Tun farkon shekarun 1970 wani masani mai suna Richard Raymond ya yi irin wannan a jihar Pennsylvania, inda fetur ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa daga fasasshen bututu. Babu sihiri ko kaɗan a cikin duk wannan, aiki ne na haƙuri da sa ido.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu sayar da bakteriya a jarka. Tarihinsu yana da daɗin ji. Ananda Chakrabarty, ɗan asalin Indiya da ke aiki da kamfanin General Electric, ya haɗa wata Pseudomonas da ke ɗauke da ƙwayoyin gado na cin nau'o'in mai daban-daban a jiki ɗaya. Ya nemi haƙƙin mallakarta a 1972, aka hana shi da hujjar cewa ba a mallakar abu mai rai, magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1980 ta ba shi gaskiya da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Hukuncin ya buɗe ƙofar wata babbar masana'anta. Ita kuwa bakteriyar da aka yi shari'ar a kanta, ba a taɓa sakinta a kan wata malalar mai ba. A 1994 masu bincike na hukumar kare muhalli ta Amurka sun yi gwajin da ya kamata kowa ya sani: a wata gaɓa a jihar Delaware suka zuba mai da gangan a filaye da dama, wasu aka bar su haka nan, wasu aka sa musu taki, wasu aka sa taki haɗe da bakteriyan da aka reno. Taki ya taimaka. Ƙarin bakteriyan bai kawo wani bambancin a zo a gani ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Halittar da aka reno a kwalba, cikin ɗumi da abinci wadatacce, in aka watsa ta a fili sai ta tarar da 'yan gida da suka saba da gishirin wurin da zafinsa da maƙiyansa, kuma yawanci su ke yin nasara.

Ba na cewa renon ba shi da amfani ko'ina. A Indiya cibiyar binciken makamashi ta TERI ta haɗa wani rukunin bakteriya da ta kira Oilzapper, an kuma yi amfani da shi shekaru da dama a ramukan dattin matatun mai, inda wuri ne killatacce da ake iya sarrafa yanayinsa. Ƙasar da wuta ta ƙone ko aka tono daga zurfi tana iya rasa 'yan gida da za su fara aikin. Abin da nake cewa shi ne, duk mai son a sayi jarkarsa, ya yarda a yi fili uku kusa da juna kamar na Delaware. In kayansa sun fi taki kaɗai, a biya shi. Mafi yawan masu tallan hoton kafin da bayan kawai suke nunawa, shi kuwa hoto saman ƙasa yake ɗauka.

Malalar Deepwater Horizon ta 2010 ita ce ta ba bakteriya suna a idon duniya. Dandalin haƙar ya fashe ranar 20 ga Afrilu, mutum 11 suka mutu, rijiyar da ke zurfin mita kusan 1,500 a Tekun Meksiko ta yi kwana 87 tana amai. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9, kotu daga baya ta tsayar da miliyan 3.19 a matsayin abin da ya shiga teku. Tun rijiyar ba ta daɗe da toshewa ba, wani masani mai suna Terry Hazen da abokan aikinsa suka ba da rahoton wasu bakteriya masu jure sanyi da suka cika ruwan da man ya ratsa a can ƙasa. Cikin 'yan watanni mafi yawan iskar gas ɗin da ta fito tare da man ta ɓace, an cinye ta. Gaskiya ne, kuma abin sha'awa ne. Sai dai yanayin wurin ya taimaka ƙwarai: man mai sauƙi ne, ya fito da ƙarfi ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, tekun kuma yana da ɗaruruwan wuraren da mai ke tsatsowa da kansa, don haka masu cinsa a shirye suke. Duk da haka wani kaso ya kwanta a gindin teku, wani ya shiga fadamun Louisiana ya zauna. Kuma an zuba sinadarin Corexit lita kusan miliyan 7 da niyyar farfasa man don a sauƙaƙa wa bakteriya, amma a 2015 wani bincike na Samantha Joye da tawagarta ya nuna cewa a gwajinsu sinadarin danne ainihin masu cin man ya yi. Masana ba su gama jayayya kan wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka mayar da labarin ya zama "teku na wanke kansa", kalmar da ke daɗaɗa wa duk wanda ya zubar da mai rai.

Wanda yake son ya ga abin da ke faruwa in an bar ƙasa ta wanke kanta, ya duba Bemidji a jihar Minnesota. A 1979 bututu ya fashe a can ya zubar da ɗanyen mai ganga kimanin 10,700. An kwashe abin da ya kwasu, ragowar ya nitse. Tun 1983 hukumar binciken ƙasa ta Amurka take bibiyar wurin, wanda ya sa ya zama ɗaya daga cikin malalar da aka fi nazari a duniya. Bakteriya sun yi rawar gani ta fuska ɗaya, domin sun hana benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin mai, da danginsa yin nisa a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Amma bayan fiye da shekara 40 man yana nan. Har ila yau an gano wani abin da ba a yi tsammani ba: halittun da ke numfashi da ƙarfe, yayin da suke narkar da tsatsar da ke jikin rairayi, sun saki gubar asenik da tsatsar ta riƙe, ta shiga ruwa. Wanda mai kaɗai yake nema a samfurinsa ba zai taɓa ganin wannan ba.

Inda maganar ta fi fitowa fili, a ganina, shi ne rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agusta 2011 kan ƙasar Ogoni a yankin Neja Delta. Hanyar da aka daɗe ana bi a can ita ce wadda na kwatanta da noma: a juya saman ƙasa, a sa taki, a bar wa bakteriya. An gina ta a kan zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashi da ke hana mai nitsewa. Da masu binciken suka sa injin haƙa, sai suka tarar a wurare 49 man ya kai zurfin aƙalla mita 5. A wurare 41 ya isa ruwan ƙarƙashin ƙasa fiye da abin da dokar Najeriya ta yarda da shi. A Nisisioken Ogale an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyi, mutane kuma suna shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Ga kuma lambar da ta fi tsaya mini a rai: cikin wurare 15 da takardun kamfanin Shell suka nuna an gama tsaftace su, 10 suna da gurɓatar da ta wuce ma'aunin da shi kansa kamfanin da gwamnati suka gindaya, kuma a 8 daga cikinsu ta riga ta sauka cikin ruwa. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da asusun dala biliyan ɗaya.

A nan bakteriya ba su gaza ba. Sun ci abin da garma ta kai musu iska. An ba su aikin santimita 30 a wurin da ɓarnar ta kai mita 5, aka ɗebi samfur daga sama, aka sa hannu a takarda. Ciyawa ta tsiro, mai wucewa ya ga kore. Ruwan sama kuwa, kowace shekara, yana ƙara tura abin da ke ƙasa zuwa ƙasa.

Akwai hanyoyi da yawa da lamba ke sauka ba tare da ko ɗigo ɗaya na mai ya ruɓe ba, kuma duk mai sana'ar ya san su. In ka juya ƙasa a rana, sinadarai masu sauƙi irin su benzin tashi suke yi su bi iska, su shiga huhun ma'aikaci da na maƙwabta. In ka cakuɗa tifa ɗaya ta gurɓatacciyar ƙasa da tifa huɗu na mai kyau, adadin zai sauka zuwa kashi ɗaya cikin biyar nan take. In ba ka shimfiɗa roba ba, ruwan da kake bayarwa zai wanke man ya kai shi ƙasa. A takarda duk waɗannan nasara ce. Alhali ilimin bambance ruɓewar gaske da ta bogi yana nan, ba shi da tsada in aka kwatanta da kuɗin kwangilar. A cikin ɗanyen mai akwai wani sinadari mai suna hofen da bakteriya da kyar suke taɓa shi, ba ya kuma tashi. In sauran sinadarai marasa tashi suna raguwa shi yana nan yadda yake, to ana cin man. In suna raguwa tare, to wankewa ko cakuɗawa aka yi. Da wannan ma'auni aka tabbatar da aikin Alaska. Ana iya auna oksijin ɗin da ƙasa ke shanyewa da iskar kabon da take fitarwa. Ana iya shuka iri ko saka tana a cikin ƙasar a ga ko za su rayu, domin wani lokaci abin da mai ke rikiɗewa ya zama a tsakiyar hanya ya fi saurin narkewa a ruwa, ba kuma ya fitowa a gwajin da aka saba.

Wani zai ce, in dai haka ne, a bar dabarar mana, a tono ƙasar a ƙone ta ko a kai ta juji, kowa ya huta. Ban yarda ba. Ƙasar da aka gasa da zafi mai tsanani tana rabuwa da man, tana kuma rabuwa da rayuwar da ke cikinta, ga makamashin da aikin ke ci da hayaƙin da yake fitarwa. Kai ta juji kuwa ɗauke matsala ne daga wannan unguwa a ajiye a waccan. A wasu wuraren ma tsaftacewar hannu ta fi man ɓarna. Bayan jirgin Amoco Cadiz ya zubar da tan kimanin 220,000 a gaɓar Faransa a 1978, an shiga wata fadamar gishiri da manyan injuna aka kankare lakar da ciyawarta. Shekaru bayan haka, sassan da aka ƙyale sun fi waɗanda aka kankare farfaɗowa. A irin wannan wuri, da kuma dazukan bakin teku masu saiwa a cikin laka, takun mutum kaɗai yana danna mai ya shige ciki. Haka nan duba girman abin da Kuwait ta gada bayan yaƙin 1991, lokacin da aka cinna wa rijiyoyi fiye da 600 wuta, mai ya taru ya yi tafkuna a hamada. Ƙasar da ta ɓaci a can ana lissafa ta da miliyoyin mita kubik. Ba tanderun da zai ƙone wannan. Abin da ake yi shi ne a rarrabe: wadda ta jiƙe da mai ainun, har yawansa ya zama guba ga su kansu bakteriyan, a killace ta a ramukan da aka gina don haka, mai dama-dama kuma a bar wa halittu, a kawo musu ruwan da hamada ta hana su.

Saboda haka wurin dabarar yana nan, amma a tsakiyar aiki yake, kuma akwai abubuwan da dole su riga shi. Bututun da ke yoyo sai an toshe shi, in ba haka ba tufka ake yi ana warwara. Man da ke kwance a zahiri, a saman ƙasa ko a kan ruwa, famfo da shebur ne maganinsa, domin bakteriya a gefen ɗigo suke aiki, ba sa iya shiga tsakiyar kududdufi. Sai kuma mutane. Abin da ya fi ba ni haushi a yadda ake gabatar da wannan hanya shi ne yadda ake faɗin "shekara biyu" ko "shekara goma" kamar ba kowa a wurin. Mai rijiyar da ke warin fetur gobe da safe zai sha ruwa. A kawo masa ruwa mai tsabta tun ranar farko, a ci gaba da kawowa har ranar da gwaji ya nuna rijiyarsa ta gyaru, a kuma lissafa kuɗin wannan cikin kuɗin aikin. Da zarar an yi haka, arahar da ake yabon dabarar da ita za ta ragu, kuma haka ya kamata, domin wani ɓangare na arahar dama a kan lafiyar wasu ake samunsa. Ko takin ma ba a zuba shi da ka. In ya yi yawa a ruwa sai gansakuka ta yi ambaliya ta shanye iskar, kifi ya mutu. In ya yi yawa a ƙasa sai ya sauka ya zama sabuwar gurɓata a rijiya.

Gyaran da nake nema a takardar kwangila yake, tun kafin tarakta ta shiga fili. Wanda ya zubar da man shi zai biya, wannan ba gardama. Amma kada ya zama shi ne ke zaɓen ɗakin gwajin, kada kuma ɗan kwangilar da ya yi aikin ya zama shi ke nuna inda za a ɗebi samfur. Kuɗin awo ya shiga wani asusu dabam, hukuma ta ɗauko mai awon, mutanen wurin su tura wakilinsu ya tsaya a kai, a raba kowane samfur biyu a kai ɗakuna biyu da ba su san juna ba. Kafin a fara, a haƙa har sai an iske ƙasa mai tsabta, don a san iyakar ɓarnar ta ƙasa kamar yadda aka san ta gefe. A bar rijiyoyin sa ido a wurin bayan an tashi. Sakamakon kuma a buga shi inda kowa zai gani, kowace lamba da wurinta da zurfinta da ranar da aka ɗebe ta, sinadari bayan sinadari, domin jimilla guda ɗaya tana ɓoye masu haɗarin.

Za a ce wannan zai sa aiki ya yi tsada ya kuma yi jinkiri. Zai ƙara kuɗi, amma kaɗan ne in aka auna shi da sake yin aikin da aka riga aka biya, wanda shi ne abin da ake yi yanzu a wuraren da aka taɓa ba takardar kammalawa. Akwai kuma dalili na ilimi da ya sa bai kamata a biya kuɗi duka ranar da aka ce an gama ba. Man da ya maƙale a cikin yumɓu yana fitowa a hankali, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa da sauka da sauyin yanayi, in ya hau sai ya taɓa man da ke rataye a sama da shi. Sau da yawa lambar da ta sauka lokacin da ake hura iska takan sake tashi bayan an kashe inji. Don haka a riƙe kaso mai tsoka na kuɗin ɗan kwangila, a koma bayan shekara ɗaya, a sake komawa bayan biyu, a ɗebi ƙasa da ruwa daga zurfin da aka ɗeba da farko, sannan a sallame shi.